Ramin Bayan Ɗakin Amarya

Asabar, bayan la'asar

Inna ce ta sa ni. Ba ni na kai kaina ba, wannan ya zauna tun farko.

Ina cikin wanke cokalin gini ta leƙo ta ce, "Badaru, kawunka Haladu ya aiko daga Kusada. Ɗakin da za a sa amaryar Sharafa, so yake ka je ka duba mashi, ka toshe duk wata kafa kafin a zo jere."

Na ce, "Inna, duk faɗin Kusada babu mai siminti sai ni?"

Ta ce, "Masu siminti na nan. Mai sanin ta inda kunama ke shiga ne babu. Kuma ɗan wana ne. Kuma ka bari in gama magana kafin bakin nan naka ya buɗe."

Amaryar Sharafa. Haka ta faɗa, sai ka ce ba Kamila ba, sai ka ce ba ɗiyar maƙwabtanmu ba, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Ba ta kalle ni ba da za ta faɗa. Ta sani ke nan.

Zan je. Aiki ne. Na toshe wa mutanen da ban taɓa gani ba gidaje daga nan Kankiya har Rimaye, wannan ne zai gagare ni?

Lahadi, hantsi

Ban je ba.

Litinin, bayan magariba

Na je. Tun daga nesa Sharafa ya ɗaga hannu daga ƙofar shagonshi na taki: "Bawana ya iso! A ba shi ruwa, kar ya mutu kafin ya gama mani bauta."

Na ce, "Allah ya sa ɗakin ya rufto maka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Masifata da shi ke nan. Ɗan kawuna ne, abokin wasa ne, duk baƙar maganar da na jefa mashi wasa ce a kunnenshi. In na ce na tsane shi, sai ya tafa. Wai ni ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka ni bawanshi ne. Wanda ya ƙago wasan nan bai taɓa jin haushin kowa da gaske ba.

Ɗakin yana sashen baya, tsohon wurin ajiyar hatsin Kawu ne. Ginin ƙasa, an lulluɓe shi da siminti, an sa kwano sabo da silin, an shafa fenti ruwan hoda. Ruwan hoda! Kamila ba ta son ruwan hoda. Shi bai sani ba, ni kuma ba aikina ba ne.

Na yi yadda nake yi ko'ina. Na jira rana ta take tsaka, na rufe ƙofa, na rataya bargo a taga, na zauna a ƙasa cikin duhu har idona ya saba. Duk inda haske ya tsargo, komin ƙanƙantarshi, ƙofa ce ga wani abu. Sai in tashi in zagaye wurin da gawayi. Ƙarƙashin ƙofa, gefen taga, inda wayar wuta ta shigo, tsakanin silin da bango.

Na gama zagayewa, ban tashi ba. Na zauna ina lissafin inda za a sa gado.

Talata, azahar

Na sa raga a taga, na ɗaga dokin ƙofa, na liƙe gefen waya, na cike bakin kwano inda ƙadangaru ke kwana. Aiki mai kyau. In ban yabi kaina ba wa zai yabe ni.

Da na bi bango ina ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, kusurwar gabas ta amsa kamar ganga. Fanko ne bayan simintin. Ɓerayen da suka ci hatsin Kawu shekara da shekaru sun bar hanyoyinsu cikin ƙasar, mai yaɓe ya zo ya rufe su da ado. Na zagaya lungun baya. A gindin bango akwai rami. Ramin ɓera yana da ɓarɓashin ƙasa da kashi a baki. Wannan bakinshi sumul, kamar an share. Na tankaɗe toka a gabanshi, gobe in ga wa ke shige da fice.

Sharafa ya kawo mani fura da nono da hannunshi. Ya tsaya yana mamakin wai ina karanta rubutun jikin buhun siminti. Ya ce, "Wai kai wa ya koya maka boko, kai da ka gudu tun aji biyu?" Na ce ni na koya wa kaina. Gaskiya ce. Ban dai faɗa mashi tsofaffin littattafan makarantar wa ake miƙo mani ta kan katanga ba.

Ni na kai shi inda ya fara ganin Kamila. Babur ɗinshi kawai na nema ranar, ya ce bari ya raka ni. Shi ke nan, ba zan sake rubuta wannan ba.

Laraba, bayan la'asar

Akwai sawu a kan tokar. Ba na ɓera ba, ba na kunama ba. Jan ciki ne, a karkace, layi bayan layi. Kububuwa. Na taɓa ganin irinshi a Tafashiya, gidan da aka yi rashi. Sawun ya shiga, bai fito ba.

Na san abin yi. Ba a toshe rami da mai shi a ciki. A bar bakin waje a buɗe, a nemo bakin ciki, a hura hayaƙi ta nan, ta fita da kanta ta can, sannan a liƙe duka biyun. Wanda ya toshe waje tukuna ya koro abin cikin ɗaki ne da hannunshi.

Na shiga in faɗa wa Sharafa. Na same shi kwance a kan tabarma yana waya, ya sa ta a fili kowa na ji. Dariyar Kamila na fara ji. Sai ta ce, "Yaya Badaru na nan? Ka gaishe shi, ka ce ya yi mana aiki mai kyau."

Mana.

Ban san lokacin da na jefar da cokalin ba. Na ce mashi abubuwa, har da wanda ya shafi hancinshi da wanda ya shafi takin da yake sayarwa. Yana ta dariya, yana cewa, "Kin ji bawana ya tashi." Na ɗauki buhun kayana na fito. A bakin zaure na waiwaya na ce kar a taɓa ramin baya.

Na faɗa. Ina jin na faɗa.

Alhamis, safe

Ba zan koma ba. Su nemo wani.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

An kawo akwatunan lefe gidan su Kamila. Guɗa tun hantsi. Na ɗauki wani tsohon littafin kimiyya na tafi gindin darbejiya bayan tasha, na karanta shafi ɗaya har ya gaji da ni. Zafin bana ya wuce hankali. Irin zafin da ke fito da komai daga rami.

Asabar, la'asar

Sharafa ya kira ni.

"Bawana, ka gudu ka bar aiki, to na ƙarasa maka. Sauran simintinka na kwaɓa, har ramin nan na baya na cika shi dam, na bi da fenti. Ka zo ka ga aikin ubangidanka."

Na ce, "Madalla."

Haka na ce. Madalla. Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa.

Lahadi, hantsi

Wataƙila kububuwar ta fita kafin ya toshe.

Lahadi, yamma

Wataƙila zafi ya kashe ta a ciki.

Litinin, bayan asuba

Ba ta mutuwa da wuri. Akwai ɓeraye cikin bangon, abinci har ya yi mata yawa. Simintin waje mai kauri ne, na ciki kuwa ɓawo ne, farce ma zai fasa shi. Duk ranar da ta nemi hanya, hanya ɗaya ce.

Namiji ne ke fara sauka daga gado in an kira salla. Cikin duhu, babu takalmi. Sharafa ba ya kunna fitila, tun muna yara haka yake, lalube yake yi.

Ban ce komai ba. Abin da na sani kawai na rubuta.

Talata, hantsi

Inna ta ce mi ya hana ni cin tuwo. Na ce zafi. Ta ce zafin bai hana ni zagin mai shayi jiya ba.

Laraba, safe

Kamila na shara. Ta kan katanga nake jin tsintsiyarta kullum, yau ne na saurara. Ba ta share tsakiya ta bar gefe kamar sauran 'yan mata. Tana jan turmi, tana ɗaga randa, tana zura hannu bayan buhu ta kwaso abin da ya maƙale. Na ji uwarta na cewa, "Ke dai gidan da kika shiga ya huta, ko bayan gado ba za ki bari ba."

Hannu take zurawa. Hannu tsirara.

Gobe jere.

Alhamis, bayan magariba

Bari in rubuta yadda abin ya faru, tunda yanzu kowa na da nashi labarin.

Na isa Kusada mata sun riga sun cika sashen. An shimfiɗa leda, an kafa gado, an jingina ƙatuwar wadirof daidai kusurwar gabas, kusa da ita kabad ɗin kwanoni. Nagoggo, gwaggon Kamila, ita ke ba da umarni, ta ɗaure ƙugu da gyale, ƙusa a bakinta.

Na yi sallama na ce, "Gwaggo, a dakata. Akwai maciji cikin bangon nan."

Ta zare ƙusar ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Wane ne wannan? Au, Badaru na gidan Hadijatu. Sannu da zuwa. Kai ba kai ka yi aikin ɗakin ba?"

"Ni ne."

"To kai ka sa shi ciki ke nan?"

Mata suka kwashe da dariya. Wata daga bayan gado ta ce, "Macijin nan halan tun Sallah yake cikin ƙirjinka." Wata ta ce a kawo mashi ruwan sanyi.

Da na yi haƙuri na yi bayani a hankali, toka, sawu, rami, wataƙila da wata ta saurara. Ban yi ba. Na ce duk cikinsu babu mai hankalin kaza. Na ce su jera kwanoni, su jera likkafani kusa. Na kama wadirof ɗin zan ja, Nagoggo ta maka mani murfin tukunya a hannu.

"Namiji ya taɓa jere? A gidan ubanwa ka ga an yi? Fita!"

Sharafa ya shigo da gudu yana dariya, yana ba su haƙuri: "Ku ƙyale shi, Gwaggo, abokin wasana ne, tsiyarshi ce ya kawo." Na rantse mashi ba wasa nake ba, ya ce ai haka nake cewa kullum. Kawu Haladu bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan ƙanwata, abin da Allah bai ba ka ba, ba a ƙwatarshi da hauka. Koma gida."

Ina tsaye suka gama. Nagoggo ta danna kwaɗo ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ba mai sake shiga sai daren da aka kawo amarya.

Wata yarinya ta ɗauke ni a waya. Kafin in iso Kankiya masu babur na tasha sun gani.

Juma'a, safe

Kamila ta yi magana ta kan katanga. Rabon da ta yi haka na manta.

"Yaya Badaru."

Tari ya kuɓuce mani.

"Na san kana nan, ina jin tarinka. Mi na yi maka?"

Na ce, "Kar ki kwana ɗakin nan, Kamila."

Sannan ta ce, "Ka ji kanka kuwa? Har likkafani ka kira mani." "Ka bar ni in yi aurena, don girman Allah."

Na ji takunta ya koma ciki.

Asabar, bayan la'asar

Hannuna na wari, idona na zuba, amma sai na rubuta.

Ina zaune ƙofar gida da hantsi babur ya tsaya. Sharafa. Bai ce bawana ba. Ya ce, "Badaru, tun muna yara ban taɓa ganin ka yi zagi hannunka na rawa ba. Na kasa cire abin a raina. Rantse."

Na rantse da Allah.

Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Ka zo tambaya ne ko ka zo aiki?"

Ya dube ni. Ya ce in ɗauko kayana.

Matan gidansu duk sun taho Kankiya wajen lalle, Kawu na shago. Ashe kwaɗon shi ya saya, ya riƙe makulli ɗaya bai gaya wa kowa ba. Kafin mu taɓa komai ya ɗauki hoton jeren ta kowane gefe, don in Nagoggo ta ga cokali ɗaya ya kauce sai ta tashi garin. Muka sauke kwanoni ɗaya bayan ɗaya, muka ja kabad, muka ja wadirof, na naɗe ledar da sanda, ba da hannu ba.

Ga shi nan. Inda mata suka buga ƙusa don tokare wadirof, ɓawon simintin ya tsage har ƙasa, wani yanki ya faɗa ciki. Kafa ce da yatsa uku za su shiga. Ƙasar bakinta sabuwa.

Sharafa ya ce, "Inna lillahi."

Na aike shi lungu da guduma ya fasa aikin nan nashi da yake alfahari da shi, ya ja da baya ya riƙe shebur. Ni na zauna ciki. Busasshen kashin shanu a kasko, garin barkono a kai, guntun tiyo a bakin kafar, tsumma ya toshe gefe. Na hura. Na hura har na daina ganin gabana, ina tari ina zagin wanda ya gina ɗakin da wanda zai kwana ciki. Babu motsi. Na fara cewa a raina shi ke nan, ta fita tuntuni, na zama mahaukacin da suka ce.

Sai na ji shebur ya sauka. Ya sake sauka. Ya sake, ya sake, har bayan an gama.

Na zagayo na same shi jingine da bango, kububuwar na yashe a gabanshi. Ba ta da girma. Ba ta kai tsawon hannuna ba. Cikinta a kumbure da ɓera.

Shi ya kashe ta. Kamar Kamila, ita ma shi ya samu.

Na cika hanyar ɓerayen da tsakuwa da siminti tun daga ciki har waje, na bi duk kusurwar na sake ta. Muka buɗe taga hayaƙi ya fita, ya kunna turaren wuta. Sannan ƙarti biyu muka durƙusa muna jera kwanonin amarya muna duba waya. "A'a, mai furen nan sama yake." "Kai makaho ne? Hagu." Har ya yi dariya, sai ya tuna ya daina.

Da muka rufe ɗakin ya riƙe hannun rigata.

"Kar ta ji."

Na ce, "Mi?"

"In ta ji, ba za ta taɓa runtsawa a ɗakin nan ba. Ka san ta da tsoro, ko tsaka ta gani sai ta hau gado. Ba ni da wani ɗakin da zan sa ta. Ga Nagoggo, in ta ji na buɗe na taɓa jere, sai a ce a ɗaga biki."

Na ce, "Ni fa? Duk Kankiya na kallona a waya. Ita kanta gani take mutuwa na yi mata fata."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani kawai?"

"Na sani, Badaru. Roƙonka nake."

Da ya ce bawana da na samu abin da zan zage shi da shi. Bai ce ba.

Muka binne kububuwar a gonar bayan gari.

Lahadi, azahar

An ɗaura.

Lahadi, magariba

Motoci sun tashi. Gidan su Kamila ya yi tsit. Uwarta na kuka ta bayan katanga, Inna ta je lallashi.

Talata, hantsi

Masu babur sun sa mani suna Mai Maciji. Na buɗe baki zan ba su labari, har na ce "ku da kuke", sai na tambaye su ko akwai mai zuwa Fakuwa. Babu abin da zan yi a Fakuwa. Na je na dawo.

Wata ce ke shara yanzu a gidansu. Tsakiya kawai take sharewa.

Juma'a, bayan la'asar

Inna ta tasa ni gaba har Kusada. Ta ce ba za ta haɗa ido da matar wanta ba sai na ba amarya haƙuri da bakina, wanda ya yi ɓarnar.

Ɗakin na ƙamshi. Kwanoni na nan yadda muka jera su, har mai furen da muka sa a juye, ba wanda ya lura. Nagoggo ta zo ganin ɗaki, tana bakin gado, ta taɓe baki ta ce, "Ga Mai Maciji. A ɗaga ƙafa."

Kamila na zaune a ƙasa, lulluɓe, lalle har idon sawu. Ta jingina bayanta da wadirof, ƙafafunta miƙe a kan leda babu takalmi, diddigenta daidai kusurwar gabas.

Sharafa na tsaye bakin ƙofa. Bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo.

Inna ta zungure ni. Na ce, "Amarya, ki yi haƙuri da abin da na faɗa ranar jere."

Ta ɗan ɗaga mayafi. "Ba komai, Yaya Badaru. Na yafe maka. Ka ga dai lafiya lau nake barci, ko sauro babu. Sharafa ya ce shi ya ƙarasa aikin da kanshi." Ta yi murmushi wajen ƙofa. "Allah ya ba ka taka, ka huce."

Kowa ya ce amin. Suka juyo suna jiran bakina, Nagoggo har ta gyara zama.

Na ce, "Na gode."